Ranar da na tuge kubewar Inna

Asabar, tsakiyar Nuwamba, Zariya

Da asuba da na fito alwala, ruwan buta ya yi sanyin da sai da na ja hannuna. Hazo ya sauko tun cikin dare, bishiyar darbejiyar ƙofar gida ma da ƙyar ake hango ta. Abin da nake jira ke nan. Ruwan sama ya ɗauke tun watan jiya, ƙasar lambun bayan gida ta fara tsagewa, kuma duk abin da damina ta bari ya tsufa a tsaye. Ina idar da salla na tashi auta, na ce yau babu ƙwallo sai mun gama da lambu.

Da kubewa muka fara, kuma a kanta na fi daɗewa. Wannan iri na Inna ne, Allah Ya jiƙanta. Gajera ce mai kauri, ba ta da kyan gani kamar dogayen da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, amma yauƙinta babu irinsa, ɗan kaɗan za ki yanka miya ta kama. Tun a watan Agusta na bi layin na ɗaura jan tsumma a jikin guda bakwai, waɗanda suka riga saura fure kuma ganyensu bai murɗe ba. Na hana kowa tsinkar 'ya'yansu. Haka ta koya mini: ba a ajiye iri daga ragowar da aka ga dama, daga wadda ta fi kyau ake ajiyewa, ko da ranar babu abin miya a gida. Yau 'ya'yan nan sun bushe sun yi ruwan ƙasa, bakinsu ya fara darewa, in ka girgiza sai ka ji suna kacau-kacau. Na yanke su da wuƙa ɗaya bayan ɗaya na zuba a faifai.

Auta ya ce, "Umma, ai ana sayar da iri a leda, me ya sa kike wahala?" Ban ga laifinsa ba, abin da ya gani ya faɗa. Na ce masa da yawa daga na leda iri ne mai aure, shekarar farko ya yi kyau, amma in ka ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi sai su fito kowa da kamarsa, dole ka koma ka sake saye. Wannan kuwa shekara da shekaru ana juya shi a gidanmu yana dawowa yadda yake. Ya yi shiru, ya ɗauki ɗaya ya fasa a tafin hannunsa yana ƙirga ƙwayoyin.

Da muka zo tuge itatuwan sai raina ya ɗan ɓaci. A kunyoyi biyu na gefen rijiya, saiwar ta fito da ƙulli-ƙulli kamar carbi. Na san ciwon. Wasu tsutsotsi ne ƙanana da ido ba ya gani, suna shiga saiwa su kumbura ta, shuka ta riƙa yaushi da rana ko da ƙasa na da danshi. Ashe shi ya sa kubewar wannan gefen ta tsumbure tun Satumba. Kuma abin da ke cin saiwar kubewa yana cin ta tumatir da gauta da tattasai. A nan na yi niyyar dasa tumatir bana saboda kusa da ruwa, yanzu dole na sauya. Albasa za ta shiga wurin, ita ta fi jurewa. Saiwoyin masu ƙulli mun ware su gefe mun ƙona, ban yarda ko ɗaya ya shiga ramin taki ba.

Yakuwa ba ta ba mu wahala ba. Mun tsinke jan zoɓorodon, auta ya ɓare, muka baza a tabarma, gurguzun kuma na ware a ƙwarya. Kabewa huɗu muka samu a kan danga, na bar musu ɗan guntun kara a ka don kada su yi saurin ruɓewa. Zogale na sassare masa kai daidai ƙirjina, zai yi sabon toho ƙasa-ƙasa inda hannu ke kaiwa. Alayyahun da ya yi kai kuwa, girgiza shi kawai na yi a cikin roba.

Wajen ƙarfe goma Kawu ya iso da dami shida na karan dawa a bayan kura, daga gonarsa ta wajen kogin Galma. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo masa ruwa da kunu. Tun makon jiya na roƙe shi karan, domin da an gama girbi mutane ke sakin awaki, kuma akuya ɗaya ta isa ta share rainon wata guda kafin a idar da la'asar. Darnin bara gara ta cinye gindinsa, iska kaɗan za ta kwantar da shi.

Yana cikin shan kunu idonsa ya faɗa kan faifan. Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙwanso ɗaya, ya juya shi, ya ce, "'Yar nan, wannan ba kubewar Yaya ba ce?" Na ce ita ce, Kawu. Ya ce tun suna yara uwarsu ke shuka ta a bayan ɗaki, shi nasa irin ya ɓace masa shekarar da ya zuba a buhu ɓeraye suka bi ta kai. Ban taɓa sanin ta wuce Inna ba, ashe tun daga kakata take. Na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu, don kada su ga idona.

Shi da auta suka kafa darnin, suka fi tsananta shi ta gabas da arewa inda iskar hunturu ke bugowa. Ni kuma na koma kan fangali. Takin awakin da na tara tun bazara ya ruɓe ya yi baƙi, ba ya wari, ya koma kamar ƙasa, shi na gauraya da toka kaɗan. Kashin kajin da aka kwaso makon jiya na bar shi a rami, ɗanye ne, in ya taɓa ƙaramar shuka ƙone ta zai yi. Fangali uku na raino muka gyara: tumatir, albasa, sai latas da kabeji a haɗe. Na ja layi da yatsa, na yafa iri sama-sama, na rufe da ƙasa mai laushi, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, sannan na yayyafa ruwa da gwangwanin da na huhhuda gindinsa. Karas ba a dasa shi, gobe zan shuka shi kai tsaye a inda zai zauna.

Lissafin kwanakin nake ta yi a zuciya. Tumatir mako uku zuwa huɗu ya isa dashe, albasa kuwa sai ta kai mako shida. In Allah Ya yarda tumatir zai yi fure a tsakiyar sanyi, lokacin da ya fi so, ya zuba 'ya'ya kafin zafin Maris ya zo ya riƙa kakkaɓe furen. Kawu ya ja mini kunne a kan sharon, tsutsar nan mai shiga cikin ganye ta bar shi fari kamar takarda. Ya tuna mini 2016, shekarar da ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta, mu kuma muka koma miya da kauɗa da na gwangwani. Ya ce ta fi ƙarfi in zafi ya shigo, don haka wanda ya yi sammakon dashe ya rage wa kansa asara. Na nuna masa 'ya'yan darbejiyar da na shanya, waɗanda zan daka in jiƙa in riƙa fesawa. Ya ce yana taimakawa, amma in riƙa duba ganye kowace safiya, wanda na ga alama a jikinsa in tsinke in ƙona.

Bayan la'asar na zauna a inuwa na fasa kubewar gaba ɗaya. Na sheƙe, na tsince masu huji da waɗanda suka motse, na tankaɗe toka mai sanyi na gauraya. Inna a gora take zubawa ta toshe baki da tsumma, ni kwalba nake amfani da ita mai murfi. Kwalba biyu na cika maimakon ɗaya. Da Kawu zai tafi na miƙa masa guda da hannu biyu. Ya karɓa, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya yi wa Inna addu'a mai tsawo, muka shafa.

Yanzu an yi isha'i. Hannuna duk ƙaiƙayin kubewa, bayana yana ciwo, na shafa man kaɗanya a ƙafa saboda faso. Auta ya rubuta wata da shekara a takarda ya manna a jikin kwalbar da ta rage, ya tambaye ni sunan da zai sa wa irin. Na ce ya rubuta "ta kaka". Na leƙa rijiya da tocila kafin in shigo, ruwan ya ja baya kamar kamu biyu daga inda yake a Oktoba. Gobe da sassafe ban ruwa, sannan karas.