Farantin Starlink ɗina yana kan rufin Alhaji har yau

Duk lokacin da na bi ta wannan layin a Samaru sai na ɗaga kai. Yana nan a kan rufin, fari tas, yana kallon sama. Da kuɗina na saye shi, da hannuna na ɗaure shi, amma ko taɓa shi ba ni da ikon yi. Dalili kuwa bai wuce adireshin imel guda ɗaya ba.

A watan Janairun 2023 Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, ya fara aiki a Najeriya, mu ne farko a Afirka. Ni a lokacin ina ɗan buga-bugar haɗa waifai a shaguna da ofisoshi, sai na hango kasuwa a gidajen hayar ɗalibai. Akwai wani Alhaji mai gida mai ɗakuna arba'in da biyu, layi uku, kusan duk 'yan jami'a ne a ciki. Muka zauna a kan tabarma a ƙofar gidansa bayan la'asar. Ni zan kawo kaya, shi zai ba ni rufi da ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin bene da wuta, in sayar wa ɗalibai tikiti na kwana da na mako da na wata, in ba shi kashi ɗaya cikin biyar. Na ce, "Alhaji, ko za mu ɗan rubuta?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Injiniya, ai kai ɗana ne. Da mahaifinka muka yi makarantar allo." Muka shafa fatiha, na tashi.

Wannan rashin takarda kuskure ne, amma da shi kaɗai ne da na tsira da kayana. Babban kuskuren ya zo ne wajen saye. A wancan lokaci bankuna da yawa sun rufe sayayyar ƙasashen waje da katin naira, nawa ya ƙi tafiya har sau uku. Babban ɗan Alhaji yana da katin dala. Ya ce in tura masa naira shi ya biya. Muna zaune da kwamfutarsa a buɗe, shafin ya nemi imel, ya rubuta nasa. Ina kallo. Wallahi ina kallo, har na buɗe baki na fasa, don kada ya ga kamar ban yarda da shi ba alhali taimakona yake yi. Ya ba ni kalmar sirrin, na ce a raina ai duk ɗaya ne.

Haɗa kayan bai ba ni wahala ba: rauta (na'urar da ke rarraba intanet) ƙirar MikroTik mai fitar da tikiti, na'urorin watsa waifai shida, kebul a cikin bututu ta bango. Watanni uku na farko har na fara lissafin gida na biyu.

Sai 29 ga Mayu ta zo, aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Alhaji ya daina tayar da janareta. Ban ga laifinsa ba. Amma ɗalibin da ya sayi tikitin wata ba ruwansa da farashin mai, ni yake kira ƙarfe ɗayan dare wai yana da aikin da zai tura. Na ci bashi na sayo faifan sola biyu da inbata da batir biyu a Sabon Gari, na zuba su a ɗakin nan na ƙarƙashin bene. Makullinsa biyu ne, ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun Alhaji. A watan Agusta tsawa ta faɗa kusa, ta bi kebul ta ƙone mini na'urori biyu, saboda na yi ƙwauron sandar tagullar da ake binnewa a ƙasa. Wannan kam sakacina ne, na biya ban ce uffan ba. A duk wannan hidima kason Alhaji bai taɓa raguwa ba, har lokacin hutu da gidan yake zama kango, mutum biyar ko shida, ni kuma kuɗin wata na Starlink bai san hutu ba.

Muka lallaɓa haka har cikin 2024. Da sabbin ɗalibai suka fara neman ɗaki, na zo wata safiya na tarar da ƙyalle a bakin ƙofa, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa gidan yana da waifai kyauta. Ya kuma ƙara kuɗin haya. Daga ranar, duk wanda na miƙa wa tikiti sai ya nuna mini ƙyallen. Gaskiyarsu ce, sun riga sun biya, sai dai ba ni suka biya ba. Ana cikin haka, wajen farkon Oktoba, saƙo ya zo cewa kuɗin wata zai tashi daga naira 38,000 zuwa 75,000.

Na same shi na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, tunda an ce kyauta ne, wa zai riƙa biyan kuɗin watan?" Ya ce, "Yaro, shekara ɗaya da rabi kana cin abinci a kan rufina, na taɓa karɓar hayar ɗakin da ka zuba kayanka?" Na ce ai kashi ɗaya cikin biyar ɗin nan shi ne hayar. Ya ce shi bai san da wannan fassarar ba. Raina ya ɓaci, da daddare na shiga rautar daga wayata na rufe kowa. Na ɗauka kwana biyu ɗalibai za su matsa masa ya neme ni.

Washegari na tarar an sauya kwaɗon ɗakin. Na buɗe manhajar Starlink, ta ce kalmar sirrin ba daidai ba ce. A tsaye nake a bakin ƙofar, amma sai da na nemi dakali na zauna. Farantin nan a ɗaure yake da asusun da aka yi masa rajista, kuma ba ya komawa hannun wani sai mai asusun ya sake shi da kansa. Ko da na hau rufin cikin dare na kwance shi, abin da zan sauko da shi bai fi tiren shayi amfani ba. Kafin magariba sun cire rautata daga layi, sun jona ƙaramar rautar da ta zo da farantin, 'yan ɗakunan gaba suna ta kallon bidiyo. Abin haushin, ba a jima ba hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ce ba da izininta aka yi ƙarin ba, aka dakatar da shi. Ƙarin da ya tunzura ni ke nan.

Abokai suka ce in kai kotu. Da wane ƙarfi? Tsarin da muka saya na amfanin gida ne, sharuɗɗansa sun hana sayar wa wasu, kuma ba ni da lasisin NCC na mai sayar da intanet. Ɗan Alhaji ya san wannan sarai, shi ya fara faɗa mini ma, cikin murmushi. Sai muka tafi gaban mai unguwa. Ya saurare mu, ya ce, "To Malam, ina shaidarka?" Rasit ɗin batir da inbata da sola da sunana, da hatimin shagon Sabon Gari, aka ce in kwashe. Rauta da na'urorin watsawa ma haka. Da aka zo kan faranti, ɗan Alhaji ya miƙa wayarsa, ga rasit da sunansa. Na nuna shaidar tura masa kuɗi, ya ce bashi na biya shi. Ban rubuta komai a wurin bayanin turawar ba, ko kalma ɗaya. Kebul kuwa mai unguwa ya ce ba za a fasa wa mutum bango ba.

Yanzu ina da gidaje uku da nake yi wa aiki, kuma masu su suna cewa na cika tsanani. Asusu da imel ɗina nake buɗewa, ko da katin wa za a biya. Kayana a cikin akwatin ƙarfe suke, makulli ɗaya, a aljihuna. Takarda tana faɗin na wa ne kowane abu, wa ke biya lokacin hutu, kwana nawa za a ba juna kafin a rabu, kuma mai gida ba zai rubuta "kyauta" a ko'ina ba sai in shi zai riƙa biyana a dunƙule. Wani dattijo ya ƙi sa hannu, ya ce raini ne. Na naɗe takardata na yi masa sallama. Batun lasisi ma ina bi ta ƙarƙashin wani kamfani mai rajista, riba ta ragu amma ina barci.

Da Alhaji muna gaisawa a masallacin Juma'a. Makon jiya ya riƙe hannuna ya ce waifai ɗin ba ya kaiwa layin baya, ɗalibai suna ta ƙorafi, ko zan leƙo in duba musu. Na ce masa in sha Allahu, Alhaji.