Maikirowef da tafasasshen ruwa, abin da na gani da idona a lab

Yanzu a Kaduna da wuya ka shiga kicin ɗin amarya ba ka ga maikirowef a kan kanta ba, ya zama cikin kayan jere kamar firij da gas, kuma akwai wani tunani da ya zauna wa mutane a ka wai duk abin da ya shiga cikinsa ya fito to shi kenan ya tsarkaka, wai akwai wani haske a ciki da ke ƙone ƙwayoyin cuta. Wasu kuma tsoronsa ma suke ji, ba sa yarda su ci abin da aka ɗumama a ciki. Ni fasahar lab nake karanta, kuma a zangon da ya wuce rukuninmu aka ba aikin gwada shi da ruwan zafi a ga wanne ya fi kashe bakteriya, to gaskiya abin ya tsaya min a rai sosai saboda magana ce ta abincin da muke ci da ruwan da yaranmu ke sha.

Tun ranar farko malaminmu ya ce mu cire maganar haske daga kanmu. Akwai wani abu a cikin na'urar da ake kira magnetron, shi ke fitar da igiyoyi masu kaɗawa sau biliyan 2.45 a daƙiƙa ɗaya, su kuma suna jujjuya ƙwayoyin ruwan da ke cikin abinci har abincin ya ɗau zafi, iyakar aikinsu ke nan. Ba irin na hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti ba ne, ba sa farfasa ƙwayar halitta. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Percy Spencer ne ya gano haka a 1945 yana aikin rada a kamfanin Raytheon. Kenan da maikirowef da tukunya a kan murhu makami ɗaya suke riƙe da shi, zafi, tambayar kawai ita ce zafin ya kai nawa, ya daɗe yaya, kuma ya shiga ko'ina ko kuwa akwai inda ya tsallake.

Da soson wanke-wanke muka fara, irin na katifa ɗin nan mai kore a baya wanda ya kwana biyu yana aiki a gida. Muka yayyanka shi, wani yanki muka bar shi haka nan, wani muka jiƙa shi sharkaf muka sa a maikirowef minti 2, wani muka nutsa a ruwa yana tafasa, wani kuma muka tsoma a ruwan zafin da hannu zai iya jurewa, irin wanda ake surkawa a yi wanke-wanke da sanyin hunturu. Kowanne muka matse ruwansa muka shafa a farantin aga, wato faranti mai wani abu kamar jeli da bakteriya ke tsirowa a kai su fito ɗigo-ɗigo, muka sa a inkubeta, akwatin da ke riƙe ɗumi, a digiri 37 har awa 24. Washegari da muka buɗe, farantin wanda ba a taɓa ba ya cika dam ba ka ma iya ƙirga ɗigo-ɗigon, sun haɗe sun zama shimfiɗa ɗaya mai yauƙi ga wari. Na maikirowef da na tafasasshen ruwa kusan fes, 'yan ɗigo ne nan da can. Amma na ruwan da hannu ke jurewa wallahi da ƙyar za ka bambanta shi da wanda ba a yi wa komai ba, kuma shi ne fa abin da yawancinmu muke yi a gida mu ce mun wanke da ruwan zafi. Hannun mutum ba ya iya zama cikin ruwan da ya wuce digiri 45 zuwa 50, su kuwa bakteriya sai an haura 60 suke fara mutuwa da gaske. Sabulu da cuɗawa su ke fitar da datti a wanke-wanke, ɗumin ruwan maiƙo kawai yake narkarwa.

Wannan gwajin soso ba mu muka fara shi ba, masu bincike a Jami'ar Florida sun yi shi wajen 2006, suka samu minti 2 yana kashe sama da kashi 99 cikin 100 in soson a jiƙe yake. Da labarin ya bazu wasu suka riƙa saka busasshe yana kamawa da wuta. Don Allah duk mai gwadawa ya jiƙa shi sosai, soson waya kuwa ko kusa kada ya shiga, ƙarfe tartsatsi yake yi a ciki.

Inda maikirowef ya nuna rauninsa shi ne kan abinci mai kauri. Mun ɗauko shinkafa da miya daga firij muka ɗumama har tururi na tashi, gefen kwanon ba ya taɓuwa, muka soka tamomita, wato ma'aunin zafi, gefe ya wuce 70 amma tsakiya ɗumi-ɗumi ne kawai, ɗumin da bakteriya suka fi so ma. Dalili shi ne igiyoyin nan suna karo da bangon na'urar suna dawowa, wani wuri su taru wani wuri su kashe juna, shi ya sa aka sa faifan da ke juyawa, sannan ba sa nutsewa can ciki, santimita ɗaya zuwa biyu ne, sauran sai dai zafin ya rarrafa da kansa. Da muka rufe kwanon, muka tsaya a rabi muka juya da cokali, muka bar shi ya huta minti 2 bayan ya tsaya, sai ko'ina ya haura 70 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abinci ya kai. Amma tsakani da Allah mutum nawa ne ke yin haka in ya dawo daga aiki da yunwa? Kuma ga matsalar wuta, in ta zo ba ƙarfi ko ana kan ƙaramin janareta minti 2 ɗin nan ba minti 2 ɗin da aka rubuta a takarda ba ne.

A nan na ƙara ganin girman iyayenmu mata. Ɗumamen tuwo da ake yi da safe, a yanka shi a jefa cikin ruwa a tukunya ya tafasa sosai, miyar kuka ko kuɓewa a tafasa ta da dare kafin a kwanta a sake tafasawa da safe, ruwa ne ke kewaye abincin ta ko'ina kuma idonka na ganin yana ɓararraka, ba ka bukatar tamomita. A Kaduna ruwa ba ya ma kai 100 yake tafasa, wajen 98 muka gani saboda garin yana kan tudu kusan mita 600 sama da teku, kuma hakan ba ya rage komai, tunda madarar kamfani ma a digiri 72 ake riƙe ta na daƙiƙa 15 ko 63 na minti 30, hanyar kashe ƙwayoyin cuta da ake kira pasteurization, wadda ta samo suna daga masanin kimiyya Louis Pasteur na Faransa. Sai dai kwarara tafasasshen ruwa a kan abu daban yake da nutsa abun a ciki, in ka zuba a kan faranti mai sanyi nan take yake hucewa ya gangare.

Akwai kuma waɗanda duka biyun ba sa iya musu. Wasu bakteriya in sun ji wuya sai su dunƙule cikin wani ƙwanso mai tauri su yi lamo, tafasa ba ta cika kashe su ba, shi ya sa a lab da asibiti otokilef ake amfani da shi, wata na'ura mai aiki da tururi a matse a digiri 121 na minti 15. Bacillus cereus na cikinsu kuma shinkafa ce gidansa. Ana dafawa ya tsira, in aka bar shinkafar a kula tun rana har dare kamar yadda ake yi a gidan biki sai ya farfaɗo ya hayayyafa ya zuba guba, ita kuma gubar ko ka ɗumama a maikirowef ko a tukunya tana nan daram, sai dai ka ji yara sun kama amai bayan 'yan awoyi a ce ai maiƙo ne ya yi musu yawa. Maganin wannan tun farko ne, kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje, ko ya zauna da zafinsa sama da 60 ko ya shiga firij.

Matar yayana da ke Unguwar Rimi tana da jaririya, ta tambaye ni ko ta riƙa ɗumama madarar fida a maikirowef da dare don ya fi sauri. Na ce “Anti don Allah kar ki yi, robar za ki ji ta da ɗumi amma a ciki akwai inda ya yi zafin da zai ƙona mata baki.” Madarar gari ba tsarkakakkiya ba ce ɗari bisa ɗari, akan samu wata ƙwaya Cronobacter a ciki mai haɗari ga sabbin haihuwa, shi ya sa aka ce a dama da ruwan da aka tafasa bai huce ƙasa da 70 ba, sannan a sanyaya kwalbar a ruwa kafin a ba yaro. Ita kanta fidar a wanke da sabulu a nutsa a tukunya ta tafasa minti 5 zuwa 10.

Ruwan sha kuwa ni ban ga dalilin kai shi maikirowef ba sam, kofi ɗaya yake ɗauka, kuma ruwa a kofi mai santsi yakan wuce ma'aunin tafasa bai nuna ba, kana saka cokali ya yi tsalle ya watso maka a fuska. Wanda ke sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa ko yake ɗiba a rijiya, musamman da damina lokacin da kwalara da taifot ke yawo, ya ɗora tukunya ya bari ya ɓararraka minti 1 cur. Na san gas ya yi tsada gawayi ma haka, amma ko na yara ƙanana kaɗai a daure a tafasa. Gwajinmu na ƙarshe a kan wannan ne, ruwan da muka tafasa farantinsa ya fito fes, muka juye shi a buɗaɗɗen bokiti ana ɗiba da moɗa ɗaya kowa na tsoma hannu, kwana ɗaya tak muka sake shafawa a aga sai ga ɗigo sun dawo. Wanda muka bari a jarka mai murfi ana tsiyayawa ta baki bai nuna komai ba.