Yadda nake haɗa jadawalin zakarun gasar Roland Garros

Duk ƙarshen watan Mayu nakan sabunta jadawalin zakarun gasar tanis ta Roland Garros, wadda ake bugawa a kan jar ƙasa a birnin Paris, domin shirin wasanni na rediyo. Aikin ba wuya gare shi ba, amma wuraren da ake tuntuɓe a cikinsa kusan duk daga shekaru suke tasowa.

Kafin in rubuta sunan kowa, sai na ja layi biyu a takarda, ɗaya a 1925, ɗaya a 1968. An soma gasar a 1891, amma har zuwa 1924 'yan ƙungiyoyin tanis na Faransa kaɗai ke shiga. Shi ya sa kofuna 8 da Max Decugis ya ci ba a ƙidaya su a matsayin Grand Slam, wato manyan gasannin tanis huɗu na duniya. Suzanne Lenglen ma kofi 6 gare ta, amma na 1925 da 1926 kawai suka tsallake layin. Layi na biyu kuwa shekarar da aka buɗe wa ƙwararru masu buga wasa don kuɗi ƙofa ce. Wasannin da aka yi tsakanin 1941 da 1945, a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ba na sa su ko kaɗan, domin ba a amince da su ba.

Shafin Rafael Nadal shi ke cin lokaci. Kofi 14 ya ɗauka, kuma na fi son in rubuta su gungu-gungu: huɗu daga 2005 zuwa 2008, biyar daga 2010 zuwa 2014, huɗu daga 2017 zuwa 2020, sai ɗaya a 2022. In jimillar ba ta ba da 14 ba, to an tsallake wata shekara, galibi 2020, wadda annobar korona ta sa aka kammala a watan Oktoba. Ya ci wasa 112, an doke shi sau 4: Söderling a 2009, Djokovic a 2015 da 2021, Zverev a 2024. Mutane da yawa kan ƙara 2016 su ce sau biyar. Ba haka ba ne. A shekarar ya janye ne kafin zagaye na uku saboda ciwon wuyan hannu, kuma wasan da ba a buga ba ba ya shiga lissafin shan kaye. Björn Borg da ke biye da shi 6 yake da su, a ɓangaren mata kuma Chris Evert ce kan gaba da 7.

Shekarun ɗan wasa da ranar wasan ƙarshe ake auna su, har da kwanaki. Nadal ya ci na 2022 yana da shekara 36 da kwana 2, Djokovic ya ci na 2023 yana da 36 da kwana 20. Wanda ya rubuta "36" kawai ba zai iya nuna wa ya fi tsufa ba. Mafi ƙuruciya a maza Michael Chang ne, mai shekara 17 a 1989.

Tsawon wasa ma yana buƙatar a duba shi duk shekara. Tun 1982 wasan Wilander da Vilas ke riƙe da tarihin wasan ƙarshe mafi tsawo, awa 4 da minti 42, sai a 2025 Alcaraz da Sinner suka shafe awa 5 da minti 29. Duk jadawalin da aka buga kafin Yunin 2025 tsohon adadin zai ba ka.