Me ya sa mai ciwon taɓin hankali na sikizofireniya yake shan wuyar koyon sana'a?

Iyaye a Katsina kan kai ɗansu wajen tela bayan magani ya kwantar da muryoyin da yake ji, sai maigida ya yi ƙorafin yaro ba ya riƙe abin da aka nuna masa. Ciwon ne ke jawo haka.

A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sikizofireniya na kama kusan mutum 1 cikin 300. A wajen masu wannan ciwo, sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi, mai riƙe bayani na ɗan lokaci da tsara aiki, yakan yi rauni. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ba ya aiki yadda ya kamata sa'ad da mara lafiya ke tunani. Shi ya sa in aka ce masa ya auna yadi, ya ja layi da alli, ya yanka, wataƙila ba zai riƙe duka matakan ba.

Magunguna irin su haloperidol suna rage ruɗu, amma ba su cika gyara wannan ba. Artane kuwa, da ake bayarwa don ƙagewar jiki, yana ƙara mantuwa in ya yi yawa. A faɗa wa likita, kada a daina magani da ka.

A koya masa mataki ɗaya, kamar saka zare a keke, minti 15 zuwa 20, a kashe rediyo. A nuna masa daidai tun farko, kada a bar shi yana canka, don kuskuren da ya fara yi shi ke zauna masa. Wiwi da rashin barci suna rushe duk wannan ƙoƙarin.