Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Awa 48

A makon jiya na tsaya a inda masu horarwa na jami'o'i suka fara nemana a waya, bayan gudun mita 400 da na yi a filin Armory na titi na 168 a birnin New York. Baba bai damu da kiran waya ba, har daɗi yake ji idan ya ji Baturiya tana fama da sunanmu. Gayyata ce ta tayar da ƙura.

A 2019 ke nan, ina ajin ƙarshe na sakandare a Bronx. A dokar wancan lokacin ta NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ziyara biyar kacal ɗalibi zai kai wadda jami'a ke ɗaukar nauyinta, kowace kuma ba ta wuce awa 48. Sai a 2023 aka cire ƙayyadewar biyar ɗin, ƙannena sun huta. Makaranta ke biyan kuɗin hanyarka da abinci da masauki, sannan bisa al'ada a haɗa ka da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ka kwana a ɗakinsa, wai ka ga yadda rayuwar take.

Kalmar kwana kaɗai Baba ya ji a duk bayanina.

"Kwana? A ɗakin wa?"

Na ce wata ɗaliba ce. Ya ce, "'Yar gidan wa?" Na rasa amsa. Ya ɗauki makullin tasi ya fita, Umma kuwa ta ci gaba da yanka albasarta kamar ba a ɗakin take ba.

Wauta ce na yi, yanzu na sani. Na tare shi da magana yana ƙoƙarin fita aiki, ni da kaina, a tsaye. Mutumin da ya tashi a Maraɗi ba a kai masa magana irin wannan ta bakin 'yarsa. Umma ce ta gyara ɓarnar. Ta bari aka kwana uku, sannan ta aika wa Kawu, abokin tuƙinsa tun zuwansu Amurka. Ban san me suka ce ba, sai dai ranar Lahadi aka kira ni falo aka shimfiɗa mini sharuɗɗa. Ziyara uku, ba biyar ba. Babu jirgi, duk inda mota ba za ta kai a yini ɗaya ba a manta da shi. A otal zan kwana tare da Umma. Ba kuma za a tashi ba sai an sauko daga Juma'a.

Sharaɗin mota ya fi yi mini ciwo, don shi ya kashe makarantar da nake mafarki a Texas. Na yi kukana a banɗaki na fito na ce, "To, Baba."

Hannuna na rawa na kira mai horarwar makaranta ta farko, a can arewacin jihar New York, na ce ba zan kwana a ɗakin ɗalibai ba. Na zaci za ta janye gayyatar. Cewa ta yi babu komai, ba ni ce ta farko ba. Mako guda ina fargabar abin da bai kai minti ɗaya ba.

A can, ni idona na kan filin gudu da ɗakin motsa jiki da takalman da aka jera. Baba ko kallo ba su ishe shi ba. Da muka zauna a ofis sai ya yi abin da ban taɓa tsammani ba: mutumin da ya yi shekara ashirin yana hira da fasinja da Turanci ya ce da Hausa zai yi magana, ni in yi tafinta. Daga baya na gane lokacin tunani yake saya wa kansa.

Ya tambayi masallaci da naman halal da ɗankwalina, duk ta amsa. Ya ce azumi na 2021 a Afrilu zai kama, tsakiyar kakar gasa, ya za su yi da ni? Ta ɗan yi jim, ta ce za su mayar da atisayena kusa da magariba. Ya gyaɗa kai, sannan ya shiga maganar kuɗi.

Nan na ji abin da ban taɓa tambaya ba. A lokacin guraben tallafin karatu 18 ne doka ta ba ƙungiyar mata ta guje-guje a rukuni na ɗaya, wato matakin ƙoli na wasannin jami'o'i, ƙungiyar kuwa ta ninka haka yawa, don haka yanka su ake yi gunduwa-gunduwa. Ni da nake ta yi wa ƙawayena alfahari da karatu kyauta, ashe kashi 60 cikin ɗari aka tanadar mini.

"Tambaye ta," in ji Baba, "idan ƙafarki ta karye a shekarar farko, wa zai biya ta biyu?"

Kunya ta kama ni, amma na fassara. Ta ce takardar ta shekara ɗaya ce, ana sabuntawa. Ya ce ya ji ana rubuta ta shekara huɗu. Ashe Kawu ya yi masa bincike. Ta ce doka ta yarda, sai dai ba kowa suke yi wa ba.

Baba ya gyara zaman hularsa, ya dube ta da fara'a irin ta 'yan kasuwar Maraɗi, ya ce, "Albarka."

Matar ta juyo gare ni tana murmushi, tana jira in faɗa mata ma'anar. Umma ta taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

Abin da na fassara mata, da abin da ya biyo baya a mota, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.