Macbeth a fim: ni wajen matsafan nake fara dubawa

Duk daraktan da ya ɗauko wasan Macbeth na Shakespeare zai mayar da shi fim, akwai matsalar da ke jiransa tun a bakin ƙofa, wato matsafan nan mata uku da suka tare Macbeth a hanya suka ce masa zai zama sarki, abin da ya kai shi ga kashe Sarki Duncan cikin barci ya haye kujerarsa. A kan dandamali abin yana tafiya, amma kyamara ba ta rufa wa kowa asiri, in ka sa tsofaffi uku suna zagaya tukunya suna sambatu sai ɗan kallo ya fashe da dariya, shikenan fim ya mutu. Shi ya sa ni nan nake fara auna darakta.

Akira Kurosawa a 1957 ya kwashe labarin kacokan ya kai shi Japan zamanin mayaƙan samurai, ya yi Throne of Blood. Maimakon uku sai ya bar tsohuwa ɗaya tal, fara fat, tana zaune a tsakiyar daji cikin hazo tana kaɗin zare tana waƙa a hankali, ba ihu ba zare ido, wallahi tsigar jikinka sai ta tashi. Ƙarshen ma ya canza shi, sojojin Washizu, wato Macbeth ɗin fim ɗin, da kansu suka juya masa baya suka yi masa ruwan kibau, kuma kibau na gaske aka riƙa harbawa kusa da Toshiro Mifune da ya fito a Washizu, don haka firgicin da ke fuskarsa ba duka ne wasa ba.

Amma wanda ya fi kwanta min a rai shi ne Maqbool na Vishal Bhardwaj, 2003, kuma mu da muka tashi da kallon fim ɗin Indiya abin mamaki ne yanda ba a cika zancensa ba, ƙila don ba irin na rawa da waƙa a kan dutse ba ne. Labarin ya koma cikin 'yan daban Mumbai, Pankaj Kapur ne Abbaji uban gidan kowa, Irrfan Khan ne Maqbool yaronsa na hannun dama da ke matsayin Macbeth, ita kuma Tabu ba matar Maqbool ba ce, farkar maigidan ce, kun ga cin amanar ya zama biyu kenan. Matsafan fa? 'Yan sanda ne guda biyu maciya hanci, Om Puri da Naseeruddin Shah, ɗayansu yana zana taswirar taurari yana faɗin abin da zai faru suna ta barkwanci, alhali su ne ke tura wannan su ja wancan don kada wani ɓangare ya fi ƙarfi. Wannan dabara ta burge ni sosai, don mai duba da ke da bindiga da ofis ya fi tsohuwa mai tukunya ban tsoro.

Masu cewa ai an ɓata wa Shakespeare labari kuma, to shi ma fa bai bar tarihi yanda ya same shi ba. Macbeth na gaske ya mulki Scotland daga 1040 zuwa 1057, a fagen yaƙi Duncan ya mutu ba a kan gado cikin barci ba, har ziyara Macbeth ya kai Rum a 1050, kuma sarkin da kujerarsa ke rawa ba ya irin wannan doguwar tafiya. A littafin tarihi na Holinshed da Shakespeare ya ɗebo labarin, da hannun Banquo abokin Macbeth a kisan Duncan, sai ya wanke shi tas tunda Sarki James da ke kan gado lokacin yana ganin kansa jinin Banquo ne.

Na Roman Polanski na 1971 jini ya yi yawa, kisan Duncan da wasan ya ɓoye shi nuna shi ya yi ƙarara. Na talabijin na 1979 da Ian McKellen da Judi Dench kusan ɗaki ne mai duhu kawai da fuskoki, in tsohon Turanci ba ya wahalar da kai za ka ji daɗinsa. Sai na Joel Coen na 2021, baƙi da fari, inda Kathryn Hunter ita kaɗai ta fito a matsafan uku, tana murɗa jiki kamar hankaka, ta tsaya a bakin ruwa sai ka ga siffofi biyu a cikin ruwan sun cika su uku. Denzel Washington da ya fito a Macbeth ya haura sittin a lokacin, sai kwaɗayin sarautar ya zama na dattijon da ya ga rana na faɗuwa ba magaji. Ya yi ƙoƙari, amma gaskiya duk inda Kathryn ta fito mantawa nake yana cikin fim ɗin.