Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yayar Oakleigh

Na yi muku alkawarin labarin bikin autarmu a wannan makon, to ku yi haƙuri. Daren jiya ina laluben takardun yara a akwatin ƙarfen Inna, sai hannuna ya faɗa kan 'yar tukunyar gahawa mai dogon mariƙi, wadda Girkawa ke ce wa briki. Na zauna a ƙasa riƙe da ita har aka kira assalatu.

Ta matar da na zauna a gidanta ce a birnin Melbourne na Ostiraliya, lokacin da na je ƙaro karatun aikin jarida. Gidan yana unguwar Oakleigh, inda Girkanci ya fi Turanci cika kunne a bakin shaguna. Ranar da na sauka na ji jikokin ƙanenta na kiranta "yaya", na ce ikon Allah, tsohuwa da furfura yara na ce mata yaya? Ashe a bakinsu kaka ke nan. Ni ma na ɗauka, amma da ma'anarmu ta gida, kuma ta sani.

Tana yarinya aka kawo ta daga wani ƙauye a Girka, ƙasar da yaƙin basasa na 1946 zuwa 1949 ya bari ba abin kai wa baka. A 1952 Ostiraliya ta ƙulla yarjejeniyar kwaso ma'aikata da Girka, mutane suka yi ta cika jiragen ruwa. Nasu jirgin Patris sunansa, ya sauke su a Station Pier, tashar jiragen ruwa ta Melbourne. Ubanta ya shiga masana'antar mota, uwarta ɗinki. Ita ce mai karanta musu wasiƙun hukuma, ita ce tafinta a asibiti tun ba ta kai shekara goma sha biyu ba. Takan ce nan ta fara aikin jarida: jin maganar manya, da zaɓen abin da za a faɗa wa na gida.

Editanta na farko ya ce sunanta ya yi tsawo, ta datse shi, sannan ya tura ta shafin girke-girke. Ba ta datse ba. Ranar 11 ga Nuwamba 1975 tana Kanbera, babban birnin ƙasar, cikin 'yan jaridar majalisa, lokacin da Gwamna-Janar John Kerr ya tuɓe Firaminista Gough Whitlam ya ɗora Malcolm Fraser. Ta ce tana tsaye a turmutsitsin matakalar tsohon ginin majalisa Whitlam na magana, biro ya ƙi rubutu, ta ari na wani ɗan sanda. Sau nawa ta ba ni labarin biron nan? Ban ƙirga ba.

Amma ba wannan ya hana ni barci ba.

Bayan shekara ashirin da wani abu tana yi wa ministoci tambayar da ke sa su gumi, sai wani minista ya kira ta ta zama mai ba shi shawara kan yaɗa labarai. Ta karɓa. A lokacin ne ake ta rigimar harajin GST na kashi 10 cikin ɗari kan kayayyaki da hidimomi, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2000. Can suna da wata al'ada ranar kasafin kuɗi: a kulle 'yan jarida a ɗaki da takardun kasafin, ba mai fita, ba mai aika labari, sai ministan baitulmali ya miƙe a majalisa da dare. Shekaru tana cikin waɗanda ake kullewa. Ranar da ta fara shiga ɗakin a matsayin ta gwamnati, ƙawarta ta shekara da shekaru ta ɗago kai, ta ce mata "madam", ta mayar da kai kan takarda.

Da ta ba ni wannan labarin na fassara mata maganar Baba: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ta yi dariya har gahawar ta tafaso ta zube a kan murhu. Ta sa na rubuta mata da Hausa, ta manna a jikin firji. Ta ce, "Babanki ya yi aikin gwamnati?" Na ce a'a, ɗinkin hula yake. Ta ce, "To a ina ya sani?"

Kun san abin da ya biyo baya, tunda Goggo ba ta bar gidan suna ko ɗaya ba ta faɗa ba. Shekara uku da dawowata aka kira ni irin wannan aikin, a ofishin da ba zan ambata ba. Baba yana zaune a zaure da allura a hannu, bai ko ɗago ba, ya maimaita mini maganar kuturun. Na ce masa ai daga ciki ake gyara. Ni da bakina.

Na yi askin. Akwai wata sanarwa da na rubuta cewa an biya ma'aikata haƙƙinsu, alhali maƙwabciyarmu tana cikinsu kuma ranar ta aiko aron kwano biyu na masara. Masu cewa kwaɗayi ya kai ni, na ji, amma su tuna wa ya biya kuɗin asibitin Kawu. Goggo dai ta tuna, don da ita aka je karɓowa.

Na buga wa Yaya waya daren da sanarwar ta fita, can gari ya waye. Ban gama bayani ba ta katse ni.

"'Yata, lambar da kika rubuta, kin san ƙarya ce kafin ki rubuta ko bayan?"

Na yi shiru. Ta ce ita a shekarunta na ofis ta ɓoye abu da yawa, ta kauce wa tambaya ba adadi, amma lambar ƙarya ba ta taɓa bayarwa ba, don ta san wa zai buga ta da sunansa a sama. Sannan ta tambaye ni ko ina amfani da brikin. Na ce eh. Yana cikin akwatin Inna tun ranar da na sauka.